Rabin Ƙwaya

A aljihun jakar matata na same su, kwana uku da kwantar da ita a asibiti. Likita ce ta ce in je gida in tattaro duk magungunan da take sha, ko da kwalin ne kawai ya rage, don su san inda za su ɗora. Na duba saman madubi, na duba durowar gefen gado, ban ga komai ba sai tsofaffin takardun asibiti. Da na zuge ƙaramin aljihun jakar hannunta sai ga wata 'yar kwalba, cikinta ƙwayoyin hawan jini, kowace an raba ta biyu. A gefe akwai reza a naɗe cikin takarda. Rabon ma bai tafi daidai ba, wasu sun farfashe, garinsu ya taru a gindin kwalbar.

Na zauna bakin gado na zazzage su a tafin hannuna ina ƙirgawa. Ni ma'aji ne, aikina ke nan, lissafi. Ban ɗauki minti biyu ba na gane cewa maganin wata ɗaya take ja ya kai ta wata biyu, kuma ta daɗe tana yin haka. Na kuma san ranar da ta fara, domin ni na sa hannu a takardar da ta jawo hakan.

Bari in koma baya.

A wurin aikinmu ma'aikata da iyalansu suna ƙarƙashin inshorar lafiya ɗaya. Duk wata ana cire wani abu daga albashinka, masu wurin su ƙara nasu, a miƙa wa kamfanin inshora. Akwai kwamitin mutum bakwai da ke zama da kamfanin sau ɗaya a shekara a sabunta yarjejeniya, ni ne ma'ajin kwamitin. Shekara uku a jere kuɗin yana hawa, albashi yana nan inda yake. A shekara ta huɗu wasiƙar da aka aiko mana ta tayar da hankalin kowa. Ƙananan ma'aikata suka riƙa tare ni a ƙofa suna cewa, “Ma'aji, ku yi wani abu, abin da ake cira ya fi ƙarfinmu.” Wasu samarin suka ce a cire sunansu gaba ɗaya, ai su ba sa ciwo.

Wakilin kamfanin ya zo mana da mafita, kuma a takarda ta yi kyau. Za a rage kuɗin wata-wata sosai, amma da sharaɗi: kowane gida zai fara kashe wani adadi daga aljihunsa a shekara, na ganin likita, na awo, na magani, sai ya cike wannan adadin sannan inshora ta karɓa. Babban ciwo, tiyata, kwanciya a asibiti, duk suna nan a rufe. Ƙananan abubuwa ne kawai za su dawo kanka.

Ni na fi kowa karɓar shawarar. Ba don mugunta ba, Allah ya sani. Na ga takardun biyan kuɗi na shekaru, na ga mai zuwa asibiti saboda mura, na ga wanda aka yi wa hoto iri ɗaya sau biyu cikin wata guda. Na tsaya a gaban kwamiti na ce, abin da mutum bai cire kuɗinsa a kai ba, ba ya tattalinsa. Idan kowa ya san aljihunsa zai taɓu, zai yi tunani kafin ya tafi, ɓarna ta ragu, kuɗin kowa ya sauka. Har yau ina tuna yadda mutane suka riƙa gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mini. Dattijuwa ce, ta yi aikin jinya shekaru masu yawa kafin ta dawo kula da ɗan ɗakin shan magani na wurin aikinmu. Kowa Mama yake ce mata. Ta bari na gama, sannan ta ce:

“Ɗana, lissafinka daidai ne, amma mutanen da ke cikin lissafin ba ka san su ba. Mai mura zai daina zuwa, na yarda. To mai hawan jini fa? Shi ma zai daina zuwa, don shi ba ya jin ciwon komai. Mura ce ke hana barci, hawan jini ba ya hanawa. Kai kana zaton mutum zai bar abin da ba shi da amfani ya riƙe mai amfani. Yaya za a yi ya bambance? Da ya iya bambancewa ai da bai nemi likita ba.”

Na ce, “Mama, mutane ba yara ba ne. Wanda ya san yana da ciwo zai sayi maganinsa.”

Ta ce, “Allah ya sa. Amma a kula, kada garin gyaran gira a rasa ido.”

Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu suka bi ni, ita da wani direba mai ciwon suga suka ƙi. Na koma gida ranar da farin ciki, na gaya wa matata cewa daga watan gobe abin da ake cira zai ragu. Na kuma gaya mata, a cikin hira kawai, cewa yanzu magani da ganin likita daga aljihu ne har sai mun cike adadin, don haka sai mun riƙa lura. Wannan kalma, “sai mun riƙa lura”, ita ce na fi tunawa a duk rayuwata. Na faɗe ta ina cire takalmi.

Matata tana da hawan jini tun haihuwar autanmu. An ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya da ta haɗa magani biyu, ta wani babban kamfani, mai tsada. Da can ba mu taɓa sanin kuɗinta ba, kati kawai ake nunawa a kantin magani a miƙo mata. Watan farko da ta je aka faɗa mata farashin, ta biya, ba ta ce mini komai ba. A lokacin babbar 'yarmu ta shiga jami'a, ga kuɗin haya ya ƙaru, ta ga yadda nake zama da biro da takarda har dare. Sai ta yanke wa kanta hukunci. Ta daina zuwa ganin likita na bayan wata uku-uku, tunda shi ma yanzu na kuɗi ne. Ta sayi reza. Idan na tambaye ta, “Maman yara, kin sha magani?” sai ta ce ta sha, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Wata tara ta yi a haka, lafiyarta ƙalau a ido. Wani lokaci takan ce ƙeyarta na mata nauyi, mu ce gajiya ce.

Da safe abin ya faru. Tana miƙo mini kofi sai ya suɓuce daga hannunta. Na ɗago zan yi magana na ga bakinta ya karkace gefe guda, tana son ta kira ni, kalmar ta ƙi fita. Ba zan tsaya bayanin hanyar asibiti ba. An auna jininta a ɗakin gaggawa, nas ɗin ta sake aunawa a ɗaya hannun don ba ta yarda da abin da ta gani ba. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ce jijiya ce ta fashe, jini ya zuba. Ta yi kwana shida a ɗakin kulawa ta musamman, mako uku a ɗakin marasa lafiya, ta fito ɓarin jikinta na dama a shanye.

Da na kai wa likitar kwalbar nan, ta juya ta a hannu, ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kusan kullum tana ganin irin wannan: mai raba ƙwaya biyu, mai sha yau ya tsallake gobe, mai sha sai ranar da kansa ya yi ciwo. Sannan ta faɗi abin da ya fi komai ƙona mini rai. Ta ce magani biyun da ke cikin wannan ƙwayar, wa'adin mallakar kamfanonin da suka ƙirƙiro su ya ƙare tun shekaru, kamfanoni da yawa suna yin su yanzu da sunan sinadarin kawai. Ɗaya daga ciki ma, amlodipine, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana cikin mafi arhar magungunan hawan jini. Da an rubuta mata su daban-daban, ƙwaya biyu maimakon ɗaya, da kuɗin bai kai ko kusa da abin da take biya ba. Babu wanda ya gaya mata. Wanda ya rubuta maganin tun farko bai san aljihunmu ba, a lokacin ma inshora ce ke biya. Mai kantin bai ga dalilin rage wa kansa ciniki ba. Ita kuma kunya ta hana ta cewa ya yi mata tsada.

Inshora ta biya kuɗin asibitin, ban da ɗan kason da ya hau kanmu. A nan ba su ci amana ba. Amma da takardar ta iso teburina a matsayina na ma'aji, na ɗora ta kusa da lissafin abin da muka rage a shekarar, sai na ga jinyar matata ita kaɗai ta cinye kaso mai girma na duk abin da dukanmu muka yi murnar tsimi. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Direban nan mai ciwon suga, wanda ya ƙi ba ni ƙuri'a, ya riƙa jinkirta awon jininsa, ƙaramin gyambo a ƙafa ya kai shi ga yanke yatsu biyu. Da shekara ta zagayo, wasiƙar kamfanin ta zo da sabon ƙari, dalilinsu kuwa manyan jinyoyi sun yi yawa a cikinmu.

A darerun da na kwana a kujerar asibiti na fara karatu a waya. Da farko hujjar da za ta wanke ni nake nema. Abin da na fara cin karo da shi wani babban gwaji ne da cibiyar bincike ta RAND ta yi a Amurka daga shekarun 1970 zuwa 1982. Sun raba dubban mutane ta hanyar ƙuri'a: wasu jinya kyauta, wasu su biya kashi 25 cikin 100, wasu 50, wasu har 95. Sakamakon ya ba ni gaskiya ta wani gefe. Waɗanda ke biya sun rage zuwa asibiti, kuɗin da aka kashe a kansu ya sauka, kuma ga mutum mai matsakaicin hali da ƙoshin lafiya ba a ga wata illa a fili ba. Na ji sanyi na ɗan lokaci. Da na ci gaba sai na tarar da maganar Mama a rubuce, shekaru da dama kafin ta faɗe ta: mutanen sun rage jinya mai amfani da marar amfani kusan daidai wa daida. Rukunin da aka fi ganin cutarwa a jikinsu kuwa su ne masu ƙaramin ƙarfi da ke da hawan jini. Waɗanda aka ba kyauta jininsu ya fi sauka. Na ajiye wayar a cinya na daɗe ina kallon ƙofar ɗakin da take kwance.

Daga nan na daina neman wanke kai, na koma neman inda kuɗin yake tafiya. Abin da na gano ya sauya mini tunani gaba ɗaya. Ni duk tsawon shekarun nan ina farautar mai mura ne, alhali ba shi ne ke cinye asusun ba. A Amurka, inda suka fi kowa ƙididdige wannan, kashi 5 cikin 100 na mutane ne ke cinye wajen rabin duk kuɗin jinya na shekara. Su wane ne? Masu wankin ƙoda, masu ciwon zuciya, masu daji, masu shanyewar ɓarin jiki. Da yawansu a baya masu ƙaramin ciwo ne da ƙwaya mai arha za ta iya riƙewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya sama da biliyan 1 ne ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai jininsa ke daidai. Ni kuma sai na je na kafa shinge a daidai ƙofar da ya kamata a buɗe ta warai.

Abu na biyu shi ne farashi. Amurka tana kashe wajen kashi 17 cikin 100 na duk abin da tattalin arzikinta ke samarwa a kan lafiya, ƙasashe irin su Jamus da Faransa da Japan kuwa ba su wuce 11 zuwa 13 ba. Sai ka zaci Amurkawa sun fi kowa zuwa asibiti. Ba haka ba ne. Mutumin Japan yana ganin likita ninki biyu ko fiye na Ba'amurke a shekara, kuma ya fi shi tsawon rai. Bambancin yana wajen kuɗin da ake sa wa kowane abu. A Japan gwamnati ce ke fitar da jadawalin farashi guda ɗaya na duk ƙasa, daga allura har tiyata, ana sake duba shi duk shekara biyu. Su ma majiyyaci yana biyan kasonsa, yawanci kashi 30, amma akwai iyakar da ba za ta wuce ba a wata gwargwadon samunsa. Niyu Zilan ta kafa hukumar Pharmac a 1993 don ta riƙa cinikin magani a madadin ƙasar baki ɗaya. Labarin maganin ƙanjamau ma ya isa misali: wajen shekarar 2000 jinyar mutum ɗaya ta shekara ta haura dala 10,000, a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a kan dala 350. Ciwon bai canja ba, sinadarin bai canja ba, masu sayarwa ne suka ƙaru. Ita kanta Amurka sai a 2022 ta yi dokar da ta ba shirin Medicare na tsofaffi damar cinikin farashin wasu magunguna da kamfanoni, abin da a da doka ta hana shi.

Duk wannan ya nuna mini abu ɗaya. Akwai wurare da yawa da za a iya matsa don kuɗi ya sauka: wurin mai yin magani, wurin asibiti, wurin kamfanin inshora, wurin mai rubuta awo. Kowannensu yana da lauya, yana da akanta, yana da bakin magana. Majiyyaci ne kaɗai ba shi da kowa, shi ya sa ake fara matsa shi. Ni ma shi na matsa, don ya fi sauƙi.

Da lokacin sabunta yarjejeniya ya zo, na nemi a bar ni in fara magana. Na fito da kwalbar na ajiye a tsakiyar tebur, na faɗa musu ta wace ce da yadda aka yi. Da izinin matata na yi haka. Ranar da na tambaye ta, magana ba ta gama dawo mata ba, ta dai ɗaga hannun hagu ta nuna ƙofa, wato in je.

Na zaci kowa zai bi ni nan take. Ba haka aka yi ba, kuma gara da ba a yi ba. Shugaban kwamiti ya yi mini jaje, sannan ya ce, “Ma'aji, mun ji, Allah ya ba ta lafiya. Amma idan muka koma tsarin da, ƙarin da za a yi mana wa zai biya? Mutanen da suka tare ka a ƙofa bara suna nan, albashinsu bai ƙaru ba.” Gaskiya ya faɗa. Wani matashi daga cikin sababbin wakilai ya miƙe ya ce shi shekara uku ana cire masa kuɗi ko sau ɗaya bai je asibiti ba, don me zai ɗauki nauyin magungunan iyayen wasu? A bar kowa ya ji da kansa.

Mama ce ta amsa masa, a hankali. Ta ce, “Ɗana, idan ku masu lafiya kuka fita, mu tsofaffi da marasa lafiya muka rage, kuɗin zai hau. Da ya hau, masu ɗan dama-dama su ma su fita, ya sake hawa, har asusun ya mutu. Ranar da babur ya kayar da kai, ko matarka ta zo haihuwa aka ce sai an yi aiki, ka waiwayo babu kowa. Ba nauyinmu kake ɗauka ba, layi kake riƙe wa kanka.” Na ƙara da cewa shi ya sa tun 1883, lokacin da shugaban gwamnati Bismarck ya kawo inshorar lafiyar ma'aikata a Jamus, tilas aka yi ta, ba ganin dama ba. Yaron bai gamsu gaba ɗaya ba, na gani a fuskarsa. Ban kuma ga laifinsa ba, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata da wuya ka burge shi da ciwon da zai zo bayan shekara ashirin.

Zama huɗu muka yi, ɗaya har aka tashi baram-baram. Wani ya kawo shawarar a sa wa masu ciwon da ba ya warkewa kuɗi na daban mai yawa, tunda su ke cin asusun. Direban nan yana zaune da sandarsa, bai ce uffan ba, sai mai shawarar ya dube shi ya janye da kansa. Wani ya ce a rage yawan asibitocin da aka yarda mu je, a tsaya kan biyu ko uku, su yi mana ragi saboda yawanmu. Wannan ta raba kawuna sosai, domin masu zama nesa sun ce an cuce su, mai ciwon daji kuma ya ce likitansa ba ya cikin jerin. Har yau ban tabbata mun yi daidai a kanta ba. Mun karɓe ta da sharaɗin duk wanda ya riga ya fara doguwar jinya a wani wuri a bar shi ya ƙarasa.

Wurin da na dage, na ce ko a ba ni ko in ajiye muƙamin, shi ne magungunan hawan jini da suga da asma, da awon da ke tafiya da su, su fita daga cikin abin da ake biya daga aljihu. Kyauta tun daga ranar farko ta shekara. Ba sabon abu na ƙirƙiro ba: a Birtaniya, Wales ta soke kuɗin maganin da likita ya rubuta tun 2007, Scotland ta bi sahu a 2011. Wakilin kamfanin ya ce hakan zai ƙara kuɗi. Muka ce to a haɗa da sharaɗi: duk maganin da ke da irinsa mai sunan sinadari, shi za a bayar, sai idan likita ya rubuta dalilin da ya sa dole sai na kamfanin asali. Da ya koma ya buga lissafi, wannan sharaɗin ya kusan cike giɓin wancan.

Muka kuma tambaye shi abin da ba mu taɓa tambaya ba cikin shekarun nan duka: a cikin kuɗin da muke ba ku, nawa ne ke isa asibiti da kantin magani, nawa ne ke tsayawa a ofis? Na karanta cewa dokar lafiya ta Amurka ta 2010 ta wajabta wa kamfanonin inshora kashe aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da suka karɓa a kan jinya, kashi 85 ga manyan ƙungiyoyi, in ba haka ba su mayar wa mutane rarar. Mu ba mu da hurumin kafa doka, amma muna da hurumin cewa ba za mu sa hannu ba sai mun ga adadin. Sai da muka nemi farashi daga wasu kamfanoni biyu, muka kuma haɗa kai da ma'aikatan wasu wurare biyu masu girma irin namu muka je ciniki a tare, sannan aka kawo mana takardar. Yawanmu ne ya sa aka saurare mu, ba daɗin bakina ba.

Akwai abin da ya fi ƙarfinmu, kuma yana damuna har yanzu. Muddin ana biyan asibiti ne a kan kowane awo da kowane hoto da kowace kwana a gado, to wanda ya yi aiki da yawa shi ke samu da yawa, wanda ya riƙe maka jininka daidai shekara goma ba ka kwanta ba kuwa bai samu komai ba. Asibitin da ya yi jinyar matata ya yi aiki tsakani da Allah, ina gode musu. Amma tsarin ya biya su kuɗi mai yawa don ta faɗi, babu wanda tsarin zai biya ko kaɗan da ya kira ta a waya a wata na huɗu ya ce, “Hajiya, ba mu gan ki ba, lafiya?” Wannan ba kwamitin mutum bakwai ne zai gyara shi ba. Iyakar abin da muka iya shi ne muka sayi na'urar awon jini guda biyu, Mama ta buɗe littafi, duk ranar Litinin ta farkon wata tana auna duk wanda ya zo, har da iyalai. A watan farko ta samu mutum goma sha ɗaya da ba su san suna da hawan jini ba. Matashin nan da ya ce a bar kowa ya ji da kansa yana cikinsu, shekararsa 29.

Kuɗin wata-wata bai sauka ba, kada in yi muku ƙarya. Ya ɗan hau a shekarar, ya tsaya a ta biyu, ya ɗan motsa a ta uku. Har yanzu akwai masu tare ni a ƙofa, kuma har yanzu shugaba yana ganin da mun riƙe ƙarin ɓangare na tsarin biya daga aljihu da an fi samun sauƙi. Mun bar kason aljihu a kan wasu abubuwa, ni ma ban ce a cire shi duka ba. Muhawarar tana dawowa duk shekara, wata biyu kafin sabuntawa, da sababbin fuskoki da tsofaffin hujjoji. Wani lokaci nakan ji wani yana maimaita maganata ta farko kalma da kalma, cewa abin da mutum bai biya ba ba ya tattalinsa. Ba na katse shi. Idan ya gama sai in tambaye shi ko akwai mai shan magani kullum a gidansa, kuma yaushe rabon da ya buɗe kwalin ya ƙirga.

Matata tana tafiya yanzu da sanda, bayan wata goma sha huɗu ana gashin ƙashi. Magana ta dawo, sai dai idan ta gaji kalmomi sukan ɓace mata. Hannun dama bai dawo ba. Sau ɗaya tak muka yi maganar rezar. Na ce, “Maman yara, me ya sa ba ki gaya mini ba?” Ta daɗe tana haɗa kalmomin, sannan ta ce, “Na ga kana ta lissafi, Baban yara. Ban so in zama ƙari.” Na nemi gafararta, ta ce ba ni na ɗora mata ba, Allah ne ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannuna yana cikin takardar.

Ƙwayoyinta biyu ne yanzu, fara da ruwan hoda, masu arha. Da hannu ɗaya ba ta iya ɓallo su daga kati, don haka duk daren Lahadi nake zama in jera mata na mako a cikin ɗan akwati mai gida bakwai. Tana zaune kusa da ni tana kallo, idan na tsallake gida sai ta taɓa shi da yatsan hagu.